Farin Fenti a Jikin Rimi

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule Mahauci.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake yi wa uba, da durƙuso da sunkuyar da kai, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwanci. Mu nan Lafia muna nan lafiya. Inna tana fama da gwiwarta kamar yadda ka bar ta, kuma har yau ba ta yarda kowa ya zauna a kan buzunka ba. Matata Maryam tana gaishe ka.

Baba, ba labarin gida ne ya zaunar da ni rubutu ba. Ɓarna na yi, kuma na duba ko'ina ban ga wanda zai gane girmanta ba sai kai. Akwai ɗan ungulu guda ɗaya a cikin sheƙa, can ƙololuwar wani rimi wajen Adogi. Bai kai tashi ba tukuna. Wani mutum yana kafa guntayen rodi a jikin rimin, ɗaya bisa ɗaya, yana yi wa kansa matakala zuwa sheƙar. Ni ne na nuna masa bishiyar.

Na san ba mu biyu kaɗai ba ne a nan, tunda a shafina na waya za a saki wasiƙar nan. Mutane za su karanta, wasu su kwashe da dariya su ce duk wahalar da ake ciki a ƙasar nan, ungulu ce ta hana wannan bawan Allah sakat. Su yi dariyarsu. Kai dai na san ba za ka yi ba.

Ka tuna kwata da hantsi, lokacin ina ƙarami? Kafin a gama fiɗa ungulaye sun cika rufin kwano, ana jin ƙarar faratansu a kansa. Wasu suna kan katanga, wasu suna tafiya a tsakanin ƙafafun mutane kamar su ma sun zo cefane. Ba mai kula su. Idan ka gama aiki sai ka tara jijiya da guntun hanji da duk abin da ba ya sayuwa a cikin tsohon daronka mai lotsattsen baki, ka fita bayan kwata, ka buga gindin wuƙa a jikin daron sau uku. Kafin ka juye sun sauko. Duba-garin Allah kake ce musu.

Ran da na jefi ɗaya da dutse, ba ka dake ni ba. Ka riƙe min kunne ka ce, "Garba, wuƙa tana gama nata aikin, su kuma su fara nasu. Ba a jifan abokin aiki." Na fi shekara talatin da jin wannan magana, har yau kunnen yana tunawa.

Fawa kam ba ta karɓe ni ba, kai ma ka sani. Ranar da ka fara miƙo min wuƙa a kan wuyan akuya, sai farkawa na yi na ga ana yayyafa min ruwa, abokanka suna riƙe da ciki don dariya. Tun daga ranar kake cewa ka haifi mahaucin da yake tausayin akuya. Da na ce zan tafi kwaleji in karanta aikin gandun daji da kula da namun daji, ka dube ni ka ce, "Wato gadin biri za ka je ka koyo?" Amma kai ne ka raka ni tasha, kai ne ka ɗora min jaka a mota. Bayan na fara aiki kuwa, duk baƙon da ya zo gida sai ka nuna ni ka ce ga ɗanka likitan ɓauna, wanda bai taɓa ganin ɓauna ba.

Har yau ban gan ta ba, Baba. Aikin nan ba kamar yadda samari suke hange ba ne. Suna turo min saƙo suna tambaya yaya za su shiga, sun ga hotona da kaki da takalmin daji. Nakan gaya musu gaskiya. Yawancin kwanakina sharar kashi ne da wanke kwanon ruwa. Muna da ɗan wuri a bayan ofis inda muke ajiye abin da aka ƙwace a hannun mutane: biri da aka ɗaure da sarƙa a tasha har ƙugunsa ya yi gyambo, kunkuru uku, gauraka da aka yanke wa fiffike don ta yi wa wani mai kuɗi ado a tsakar gida. Sauran lokacin rubuta rahoto ne, da bin masu sare itace suna gawayi, waɗanda kafin mu isa sun loda sun tafi. Duk da haka ina son aikin, ban taɓa nadamarsa ba sai a watan nan.

Ba wanda zai iya cewa ga ranar da ungulaye suka fara ƙarewa a Lafia. Rufin kwata ya riƙa yin sauƙi, shi ke nan. Sai aka fara jin cewa akwai masu sayen kawunansu, wai ana haɗa maganin farin jini da na kasuwa da na neman kujera. Mu muka ɗauka zance ne, har safiyar da aka tsinci gawarwakinsu a bakin magudanar bayan kwata, an zuba musu guba a kayan ciki, an yanke kawunan an bar sauran. Mai shayin bakin ƙofa ya ce ya ga wanda ya yi. Ya ce mutumin da daro ya zo, ya buga shi sau uku, suka sauko masa.

Ranar ba ka ci abinci ba. Ka dawo gida da daron, ka kife shi a bayan rumbu, ba ka ƙara taɓa shi ba. Ban tambaye ka ba, amma na ga fuskarka. Kai ka koya musu cewa idan mutum ya buga ƙarfe sau uku alheri ne. Shi ya sa na ce kai kaɗai za ka gane abin da na yi.

Akwai kuma wata gafara da zan nema tun kafin in kai ga babbar. Kana kwance a ciwonka na ƙarshe, ka tambaye ni ko sun dawo kwata. Na ce sun fara dawowa, na ga huɗu a kan katanga. Ka yi murmushi ka ce alhamdu lillahi. Ƙarya na yi maka, Baba. Ko ɗaya ban gani ba. Yanzu ƙudaje ne da karnuka suke aikin da suke yi, wari kuwa tun daga bakin titi yake tarbar mutum.

Bayan rasuwarka na shiga nemansu kamar wanda ya yi ɓatan kai. Duk ranar da ba ni da aiki sai in hau mashin. Na je Arikya, na bi ƙauyukan hanyar Doma, na tsaya a kowace kasuwar da ake yanka. Idan na tambaya, tsofaffi su ce ai kuwa an daɗe ba a gani ba, matasa kuma su tambaye ni nawa nake saye. A cikin wannan yawo na san Malam Buba, wani dattijon Bafulatani da ya zauna da iyalinsa da shanunsa wajen Adogi tun zamanin mahaifinsa. Wata saniyarsa ce waya ta yanke a ƙafa, na wanke mata na ɗaure. Daga nan muka saba. Na yi shekara biyu ina zuwa rugarsa ina shan fura, ina yi masa zancen ungulu, yana gyaɗa kai kawai kamar bai taɓa jin sunanta ba.

Sai wata safiya a farkon ranin nan ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muna tafiya a kan burtalin shanu ya ce, "Za mu wuce wani itace. Kar ka ɗaga kai. Ko ka ji motsi, ƙasa za ka duba." Da muka iso gindin wani ƙaton rimi, sai ya sunkuya kamar zai cire ƙaya daga takalminsa, ya nuna min ƙasa da bakin sanda. Farin kashi ne ya bushe a kan ganye, ga gashin fiffike guda ɗaya, dogo, baƙi-baƙi. Wuyana har ciwo yake don son in duba sama, amma na daure muka wuce.

Sai da muka yi nisa, muka hau wani tudu, sannan ya bar ni na waiwaya. Na sa madubin hangen nesa. Ga sheƙa ta kirare a tsakanin manyan rassa biyu, ga uwar a kwance a ciki, ga ɗayan a reshe yana gyara gashinsa. Na yi kuka a gaban dattijon nan, ban ji kunya ba.

A kan tudun ya gaya min yadda suke yi. A gidansu ba a duban wannan rimi. Ba a hutawa a inuwarsa, ba a tsayar da shanu a gindinsa, mata ba sa tsintar audugarsa. Yaro yana fara bin shanu abin da ake fara koya masa ke nan. Tun mahaifinsa suke haka, don a da idan saniya ta ɓace ta mutu a daji, shawagin ungulu ne yake nuna musu inda take. Ya ce min, "Ungulu nan, shi ba ya son ido. Mutum ya gan ka kana duba sama, shi ma zai duba sama." Manoman doya suna bin hanyar nan kullum a kan mashin, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa lura.

Na ji wannan magana da kunnena, Baba. Ka riƙe wannan, don kar in zo ina ɗora wa wani laifi.

Na koma ofis ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na gaya wa shugabarmu, wata mata mai ƙoƙari da muke kira Madam. Ta yi murna har ta tashi tsaye. A ƙa'idar aikinmu, duk bishiyar da aka samu sheƙar tsuntsun da yake ƙarewa, ana ba ta lamba, a zagaye ta da fenti, a ɗauki hoto, don masu saran itace su san an hana taɓa ta. Haka aka koya mana a kwaleji, haka yake a takarda. Na ɗan yi mata zancen Malam Buba, ta ce, "Garba, in babu lamba babu rikod a takarda. In babu rikod, kamar ba ka ga komai ba ne. Abeg ka je ka sa fenti kafin masu gawayi su riga ka." Gaskiyarta ta faɗa. Ita ba ta taɓa tsayawa a gindin rimin nan da sunkuyayyen kai ba. Ni na tsaya.

Kuma in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba: ina so a san ni na gano su. Shekarun da na yi ina ƙona mai a daji, abokan aiki suna kirana angon ungulu, ina so su gani da idonsu. Wannan son a sani shi ya ɗauki gwangwanin fenti, ba ƙa'ida ba.

Na zaɓi ranar da Malam Buba ya tafi kasuwar shanu, wanda ya nuna maka na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Na zagaye gindin rimin da farin fenti, na rubuta lamba ɗaya, ƙatuwa kamar faifai. Bayan mako guda na kawo farar motar ofis da mutum biyar. Muka tsaya a gindin bishiyar fiye da rabin awa, kowa ya ɗaga kai, ana miƙa wa juna madubi, ana nuni da yatsa. Masu mashin da suke wucewa gona suka tsaya. Suka dube mu, suka duba inda muke duba. Da yamma na sa hoton uwar a shafina, na rubuta cewa albishir, ungulu ba ta ƙare ba a ƙasar Lafia, ga ta wajen Adogi. Mutane suka yi ta sa albarka, ni kuma ina ta amsawa.

Da na koma ruga, Malam Buba bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo min fura kamar kullum, ya jira na sha. Sannan ya ce, "Mu tun Baffana muna ɓoye itacen nan da wuyanmu. Kai ka zo rana ɗaya ka ɗaura masa farar ɗamara." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na koma da adda na kankare fentin. Sai ɓawon ya tashi, wurin ya zama fari fat, ɗanye, ana hango shi daga nesa fiye da fentin. Na shafa laka da kashin shanu, rana ta busar da su suka zube. Hoton ma na goge, amma ya riga ya yi yawo a wayoyin da ban san masu su ba.

Ba a yi kwana goma ba uwar ta daina kwanciya, ta fara tsayawa a bakin sheƙa tana sunkuya kai ciki. Ƙwan da take kwance a kai ya ƙyanƙyashe. Daga kan tudu na ga ɗan kai, kamar dunƙulen auduga mai datti, yana rawa. Ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, Baba, kuma ɗan yakan yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Wannan karon ban gaya wa kowa ba sai Madam. Na ɗauka na koyi hankali a kan lokaci.

Juma'ar da ta biyo na tarar da rodi uku a jikin rimin, sama da inda na kankare. Irin rodin gini ne, an yanka shi tsawon taƙi biyu, an buga shi da guduma. Rimi ba ya da abin da ake hawa a ɗebo a wannan lokaci, kuma ba mai neman zuma a wurin. Na ciro su da ƙyar na tafi da su. Juma'a ta gaba na tarar da shida, sun fi na farko tsawo, an nutsar da su yadda ko jijjiga ba sa yi. Matar Malam Buba ta ce idan maza sun tafi masallaci suke jin bugun guduma. Mutum biyu ne a kan mashin, sun rufe fuska da hular kwano. Mata ba za su tunkare su ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Wata Juma'ar na haƙura da jam'i, Allah Ya yafe min, na zauna a kan tudu tun hantsi har la'asar. Ko kare bai zo ba. Ranar Litinin da na koma, an ƙara huɗu. Ka ga ke nan ba rimin kaɗai ake kallo ba, har da ni.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne rashin gaggawarsu. Mai son ya gama a yini ɗaya zai iya. Waɗannan suna zuwa su buga kaɗan su tafi, kamar mai kiwon rago yana jiran Sallah. Ɗan suke jira ya yi girma, kuma sun san muddin yana cikin sheƙa iyayen ba za su guje masa ba. Uku suke so, ba ɗaya ba.

Na rubuta takardar neman masu gadi. Mu nawa ne a ofis ɗin gaba ɗaya, kuma dajin nawa ne? Takardar tana kan tebur tana jiran sa hannun na sama. Madam ta kira inda za ta kira. Ita ma yanzu ba ta iya haɗa ido da ni idan an ambaci Adogi.

Shekaranjiya na yi sallar Azahar a masallacin unguwarmu a Bukan Sidi. Ina neman takalmina sai wani mutum ya miƙo min hannu, fes da shi, farar shadda, yana ƙamshin turare. Ban taɓa ganinsa ba. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana murmushi, ya ce, "Ofisa, sannu da ƙoƙari. Ya ɗan namu? Ya fara gashi ko?" Kafin in haɗa amsa ya sake ni ya shige cikin mutane. Baba, ban taɓa rubuta cewa akwai ɗa a sheƙar nan ba. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Ga shi ciyawa ta ƙare. Jibi Malam Buba zai kaɗa shanunsa zuwa bakin kogi, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka. Ya ƙara kwana bakwai a kan lokacinsa saboda ni, shanun har sun fara nuna ƙashi, ba zan iya roƙonsa ya ƙara ba. Idan ya tashi, ba sauran kunnen da zai ji guduma. Jiya da na auna da ido, abin da ya rage tsakanin rodi na ƙarshe da reshen sheƙar bai wuce tsayin mutum biyu ba.

Don haka ga abin da na yanke, kuma Madam ta sa hannu. Gobe idan rana ta ɗaga, iyayen suka tafi neman abinci, zan hau in sauko da ɗan. Da rodin ɓarawon zan hau, don babu wata hanya. Sauran kuma sai igiya. Na san me kake shirin cewa. Ni ne wanda ya maƙale a kan mangwaron gidan Kawu yana ihu sai da aka kawo tsani. Yanzu ga tumbi na ajiye, ga shekaru. Tsoro nake ji, Baba, ba zan ɓoye maka ba.

Kuma ba faɗowa ce kaɗai take ba ni tsoro ba. Iyayen za su dawo da abinci a maƙogwaro su tarar da sheƙa wayam. Za su yi ta shawagi a kanta kwana da kwanaki. Wataƙila su bar rimin nan har abada, wurin da kakanninsu suka yi ta haihuwa a cikin rufin asirin gidan Malam Buba. Ina lallashin kaina da cewa gara su gudu da ransu, tunda idan babu ɗa babu abin da zai riƙe su a tarko. Amma duk yadda na juya maganar, abin da za su gani shi ne mutum ya hau ya ɗauke musu ɗa. A wurinsu babu bambanci tsakanina da mai farar shadda.

Da na gaya wa Malam Buba, ya daɗe yana zane ƙasa da sanda. Sannan ya ce, "To. Ni zan riƙe maka igiya. Amma ba zan duba sama ba."

Yau da safe na je kwata wurin Kawu Ɗanlami, abokin aikinka. Ya tsufa, amma har yanzu shi yake raba tumbi. Na ce ina so ya riƙa ajiye min jijiya da guntun kayan ciki kullum, na dabbar da ba a yi wa allura kwanan nan ba. Wani maganin allurar dabbobi yakan kashe ungulu, amma wannan ban gaya masa ba. Ya ce na wane ne. Na sunkuyar da kai. Ya dube ni, ya dubi rufin kwanon da babu komai a kansa, ya sake dubana. Bai ƙara tambaya ba. Ya matso ya ce a hankali, "Ka zo da daron ubanka. Ka riƙa biyowa ta baya."

Na ciro daron daga bayan rumbu. Inna tana kallona ina wanke shi, sai ta shiga ɗaki ta daɗe. Lotsawar bakinsa tana nan, har da tabon gindin wuƙarka.

Amma ba zan buga shi ba, Baba. Idan Allah Ya sa na sauko da ɗan nan da rai, zan kai shi wani wuri da ba zan rubuta sunansa a nan ba, ba zan rubuta shi a rahoto ba. A aikinmu, ɗan tsuntsun da ake so a mayar daji ba a barinsa ya saba da fuskar mai ciyar da shi. Ta bayan zana zan riƙa miƙa masa nama, hannuna a cikin baƙar safa. Ba zan yi masa magana ba, ba zan sa masa suna ba. Zan yi wata uku ina ciyar da shi bai san ni ba, kuma idan ya hango mutum ya firgita, ranar zan ce aikina ya yi kyau. Kai ka koya wa naka su yarda da mu, don a lokacinka mun cancanci yarda. Ni nawa tsoronmu zan koya masa. Inda zan sake shi kuma, da waɗanda zai tarar a sama idan ya tashi, wannan ban sani ba.

Ina cikin rubutun nan, bayan la'asar, Malam Buba ya kira ni a waya. Ba ya kira sai da dalili. Ya ce sun ji guduma yau, ga shi ba Juma'a ba, kuma yana gida. Ya ce wannan karon bugun ya daɗe. Na ce ko ya je ya gani. Ya ce ya wuce ta gindin da shanu, ya ga sabon ɓawo a ƙasa da sawun mashin, uwar kuma tana ta kewaya sama ta ƙi sauka, ya ga inuwarta a kan burtali. Na so in tashi yanzu, amma kafin in isa duhu ya yi, kuma ba a hawa rimi da duhu. Ban sani ba ko zan tarar da ɗan gobe. Ban sani ba ko ni zan riga shi, ko kuma a kan rodin za mu haɗu.

Zan bar wa Maryam wayar nan. Na ce kar ta saki wasiƙar sai ta gan ni na shigo gida, ko wani ya zo mata da labarina. Saboda haka duk wanda yake karanta ta tare da kai, abin da zai faru ya riga ya faru. Kar kowa ya tambaye ni a ina ne. Wanda kuma Allah Ya nuna wa ungulu a kan wata bishiya, don girman Allah ya sunkuyar da kansa ya wuce.

Ka yafe min ƙaryar da na yi maka a kan gado, ka yafe min fentin nan. Da kana nan na san da ka riƙe min kunne, sannan ka tashi ka duba min ƙullin igiyar da kanka, don ba ka taɓa yarda da ƙullina ba. Ina kewarka, Baba, yau fiye da kullum.

Ya Allah, Kai da Ka halicci abin da mutane suke so da abin da suke ƙyama, Ka kuma ba kowanne aikinsa, Ka rufa wa wannan ɗan tsuntsu asiri zuwa wayewar gari. Ka kawar da idon mai nemansa, Ka ƙarfafa hannun Malam Buba, Ka tabbatar da ƙafata. Ka jiƙan mahaifina, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa abin da ya juye a bayan kwata ya zama sadaka a mizaninsa. Ni kuma Ka yafe min abin da na tona wanda bayinKa suka rufe. Amin.

Na ajiye daron a bakin ƙofa, da igiya da kwando. Ina idar da sallar Asuba zan kama hanya.

Ɗanka mai tausayin akuya,
Garba.